Ƙusa a Cikin Ƙashi

Zuwa ga 'yata Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, kuma karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya bari mutum ya kai ƙarshen zancensa.

Yau wata biyu ke nan da tafiyarki koyon dashen haƙori. Kada ki zaci aiki ya tsaya. Shekara talatin da huɗu ina haɗa haƙoran roba a bencin nan, tun kafin ki san haƙori nawa ne a bakinki, kuma ba wanda ya ba ni shagon nan kyauta. Kujerarki dai na lulluɓe ta da farin ƙyalle. 'Yar tagar nan da ke tsakanin ɗakinki da nawa, wadda kike miƙo min awon baki ta ciki, na rufe ta, don iska tana busar min da filastar da nake zuba awon baki da ita.

Tsohon Hedimasta ya sake dawowa da haƙoransa na ƙasa a cikin hankici. Ya ce, "Maigyara, jiya ina yi wa jikana faɗa suka riga maganar fita." Na ce masa, "To ka rage faɗan mana." Na gyara masa, karo na uku.

Har yanzu ban gane hikimar kafa wa ɗan Adam ƙusa a ƙashi ba, sai ka ce ƙyauren shago. Yaushe ne ma kuke gamawa? Mamarki ce ke tambaya.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama.

Ba a bar mu mun taɓa mutum ba tukuna. Mun fara da muƙamuƙin roba, yanzu muna kan na tunkiya. Ana huda ƙashin a hankali, ruwa yana zuba a kai don kada ya yi zafi, sannan a ɗaura ƙusar, a rufe, a jira wata uku ko fiye sai ƙashi ya riƙe ta. Ranar farko na zarce har na ɓullo ta ɗaya gefen. Malamarmu ta ɗaga muƙamuƙin ta leƙo ni ta cikin hujin, ta ce, "Da mai rai ce, da yanzu ta kai ki kotu." Kowa ya yi dariya, ni kuwa na tuna yadda kake karɓe wuƙar sassaƙa kakin haƙori daga hannuna idan na yi kuskure.

Akwai maganar da nake ta juyawa. Malama ta ce wata huɗun da aka ɗiba mana ba ya isar hannu. Ta ba ni gurbi in zauna shekara guda ina aiki a gabanta. Ban ba ta amsa ba.

Mama ta ce min a ɗakina kake cin abincin rana yanzu. Gaskiya ne?

'Yarka

*

Likita,

Bayan gaisuwa. Mamarki ta cika surutu. Fankar ɗakinki ta fi tawa ƙarfi, shi ke nan.

Maganar shekara guda, ki zauna mana. Wa ya riƙe ki? Ni da na koyi sana'a ina wanke wa wani likita kwanuka ba zan hana mai digiri ƙarin ilimi ba. Kwana tara takardarki tana aljihuna ban amsa ba, aiki ne ya yi yawa.

Hedimasta ya dawo. Wannan karon ban karɓi hankicin ba. Na sa yatsa na shafa dasashinsa na ƙasa, ya lafe sumul, ƙashin ya zaizaye, babu tudun da roba za ta kama. Ko sau goma na gyara ba za su zauna ba. Ya ce, "To yanzu fa, Maigyara? Kunu zan yi ta sha har in mutu?" Na ce, "Ka jira 'yata." Tunda nake ban taɓa ce wa mutum aikinsa ya fi ƙarfina ba. Da ya fita na je na buɗe tagar nan, na tsaya ina kallon ƙyallen da ke kan kujerarki, har filastar da na dama ta daskare a kwano.

Ina da tambaya, don sani kawai. Idan ƙusar ta kama, shi haƙorin da ake gani a sama, wa ke yin sa? Ko shi ma daga kwali yake fitowa?

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku.

Na karɓi gurbin. Ba zan sa inji a bakin Hedimasta da hannun wata huɗu ba, kai ma ba za ka yarda ba. Ka yi haƙuri, ka ba shi haƙuri.

Amsar tambayarka: ƙusa saiwa ce kawai. Haƙorin sama mai haɗa haƙori ne ke yi, kuma na nan wurin suna fitar da shi fari fat kamar tangaran, ba ruwansu da shekarun mai bakin. Ga ƙunshi nan na ba direba: muƙamuƙin gwaji da ƙusa a ciki, da ɗan sukundirebansa. Aikin ya bambanta da naka, ba a yi masa gyaran wuƙa bayan an gama.

Ana koya wa masu sana'arka wannan a nan makarantarmu, a hawa na biyu, sati shida, farkon wata mai zuwa. Na rubuta sunanka da fensir. Yawancin ɗaliban ba su kai ni shekaru ba, kuma mai koyarwar zai gyara maka riƙon kayan aiki a gabansu. Idan ba ka so, in goge. Ɗakin da nake kwana a nan yana da gado biyu.

'Yarka

*

Likita,

Gaisuwa. Na gwada yin haƙorin, na ɓata uku, na huɗun yana cikin audugar nan. Kada ki nuna wa kowa.

Ki maimaita sunan da biro. Mamarki ta ce za ta riƙe makullin shago, Hedimasta ya ce zai jira mu, wai ya saba da kunun.

Ki roƙar min kujerar gaba. Idona ba kamar da ba ne, ban dai faɗa wa kowa ba. Motar safe zan biyo ranar Asabar. Ba sai kin zo tasha ba, amma ƙarfe huɗu take isowa.

Babanki