Abin da Aka Rubuta a Bayan Rigar Maliki

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga ƙanena Maman Lawali, a Lome.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ciki ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar ga ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da duk mai cin tuwo a gidanka, Ya ba ka sauƙin ƙafar nan da aka ce tana damunka, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan da sauƙi, gwargwadon sauƙin gidan da aka fitar da gawa. Tahira, uwar mamacin, tana tashi tana zama, sai dai ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta. Gero ya yi a gonarmu ta Tibiri, wake ne tsutsa ta ɓata. Ɗiyata Ramatu ce ke rubutu, ni ina faɗa, ka san ban shiga lakwal ta boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mata kwalliya, in ta gama ta ɗauki hotonta ta turo maka. Ban kira ka a waya ba don na san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya sai ka kama to Yaya, to Yaya, a yi haƙuri. Takarda kuwa ba a katse ta.

Zan fara da abin da ke cina. An rufe ɗana ba ka zo ba. An yi sadakar uku, an yi ta arba'in, sai buhun shinkafa da sukari ka aiko. Mun karɓa, masu zaman makoki sun ci, Allah Ya saka. Amma zumunta a ƙafa take, Lawali. Ka ce hanya ce ta yi wuya, alhali direbobin kamyo masu ɗaukar kaya kullum suna ratsa ta. Na ajiye wannan inda na ajiye sauran, ba shi ya sa aka ɗauki alƙalami ba. Maganar ɗanka Abdulrazak ce, kuma magana ce ta rai, don haka ka karanta har ƙarshe.

Ka san mamacin ɗana ne na fari, tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Wancan nake cewa, da ya girma ya kama lambun zogale a Jiratawa na koma ce masa Mai-lambu. Yanzu na ce Ramatu ta rubuta shi ɓaro-ɓaro, Maliki, tunda kunyar ba ta da wanda za a ji wa. Shi da Abdulrazak tabarma ɗaya suka tashi a gidan ga, tun da ka bar mini yaron ka tafi bakin teku. Da Abdulrazak ya gama karatu ya samu aiki da wani furoje, wato shiri mai kula da gandun dajin gwamnati na kudu, can wajen iyaka. Aikinsa shi ne ya tara mutanen da za su yi wa dajin hidima ba da albashi ba, ya raba su ƙauye-ƙauye, su tara jama'a a gindin itace su yi musu faɗakarwa a kan gobara da saran ɗanyen icce da ɗana wa gada tarko. Ni ya fara zo wa. Ya durƙusa ya ce Baba, kai masassaƙi ne, ƙauyukan nan duk sun san ka, in kai ka ce a bar sara za a ji. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Dajin da ma'aikatansa suka ƙwace mini gizago da gungumen ƙirya, suka zaunar da ni a rana gaban matan da ke sayen turamena, shi zan je in yi wa roƙo? Su maido mini gizagona tukuna. Na ce ko gayya ce ana dama fura, wane irin aiki ne wanga da ba ko furar? Da na ƙi, sai ya wuce Jiratawa ya ɗauki ɗan'uwansa. Da na yi faɗa Tahira ta ce in yi shiru, wai ni na cinye rabin dajin da gizago, in bar yaro ya dasa abin da ubansa ya sare. Har matan gida suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ba zan yi ƙarya ba don ina fushi, aikin ya yi kyau a farko. Sun share hanyoyin tare wuta, rani ya wuce gobara ba ta ci dajin ba. Matan Gidan Maidawa, wani ƙauyen arna da ke bakin dajin, an ba su izinin shiga ɗibar ganye da busasshen icce ba mai korarsu. Maliki ya iya reno, shi ya koya musu shuka gawo da bagaruwa a leda. Yakan dawo da zuma a gora ya ba uwarsa, ya ce a ba mai gidan ya lasa ko bakinsa ya yi daɗi. Na sha zumar, ban canza magana ba.

Riga ce ta kashe shi, Lawali. Furoje ya ɗinka musu riguna masu launin ganye don a san su. A gaba an rubuta sunan aikin da Faransanci, sai Abdulrazak ya ce mutanen ƙauye ba su jin wannan, a sa musu da Hausa a baya. Aka sa da manyan haruffa farare, ɗan sa kai. Aka kuma ba da sanarwa a radiyo cewa 'yan sa kai na gandun daji za su bi ƙauyukan iyaka ɗaya bayan ɗaya, a ba su haɗin kai. Mu nan birni in an ce ɗan sa kai, mai share masallaci ne ko mai ba da jini a gidan likita. A bakin iyaka kuwa, tun da ɓarayin daji suka addabi mutane, ɗan sa kai shi ne mai ɗaukar bindiga ya shiga farautarsu, kuma in sun kama shi ba su tambaya. Duk mun san wannan, Lawali, har ni, amma ba wanda ya haɗa biyun a ransa. Rigar ta sha shanya a igiyar tsakar gidana, Ramatu ta karanta mini abin da ke bayanta, na ce sa kai ko sa wuya, aikin banza ne dai, na wuce.

Bawa, wani dattijon Gidan Maidawa da ke cikin komitensu, shi ya ba ni labari da bakinsa. Sun gama taro da rana tsaka, Maliki ya goya shi a moto za su kai dashe ƙauye na gaba, sai mutane a kan motoci masu ƙafa biyu suka fito daga cikin sabara suka tare su. Bawa bai sa tasa rigar ba, ya ce ta matse shi a hammata, abin da ya raba su ke nan. Suka ce Maliki ya juya, wani yaro a cikinsu ya karanta bayansa da ƙarfi. Bawa ya ce ya faɗi ƙasa ya rantse musu da Allah, ya rantse da abin da kakanninsa ke yi wa yanka, ya ce ku dubi kwandon, 'ya'yan itace ne, mutumen ga ko wuƙa ba ya ɗauka. Babbansu ya ce su ma suna jin radiyo. Maliki yana salati suka kashe shi. Bawa ne ya ɗauko shi a amalanken shanu har bakin kwalta. Mun kai shi Tibiri, yana kwance gabas da Babanmu.

Tun ranar ban yi wa Abdulrazak magana ba, na rantse a gaban kabari ba zan yi ba. Yana zuwa kullum ya durƙusa a bakin zaure ya ce Baba ina kwana, in juya fuska in kalli bango, ya jima ya tashi. Ya rame har wuyansa ya fito. Shi ke zuwa Jiratawa ban ruwan zogalen, shi ke kai wa Fadila matar mamacin cefane, yaran suna hawa bayansa. Manyansu na furoje sun zo da farar mota, da hoton Maliki a cikin gilashi da wata takardar yabo, wani babbansu ya yi dogon jawabi da Faransanci Ramatu tana juya mini. Na ce su mai da kayansu, na san kamannin ɗana. Daga nan suka rufe biro, wato ofishinsu, suka ce an dakatar da aiki, kada kowa ya sake taka ƙauyukan. Su sun huta.

To ga inda maganar take. Rigunan nan suna can a ƙauyuka, an raba su da yawa, maza da mata. Bawa ya aiko cewa baƙin fuska suna shiga kasuwanni suna tambayar gidan wa da wa aka ga riga mai launin ganye. Wasu sun ƙone tasu, wasu sun binne, amma maƙwabta sun riga sun gan su da ita, kuma baki ba ya ƙonewa. Wata Lami, wadda ke shugabantar matan, ta kwashe 'ya'yanta ta gudo Jiratawa tana kwana a rumfar lambu, ta bar hatsinta a gona. Abdulrazak ya ce shi ya tara mutanen, shi ya sa kalmar a bayansu, don haka ranar Laraba mai zuwa zai je kasuwar Gidan Maidawa ya tsaya a tsakiya ya yi shela, ya ce su masu dashen itace ne, ba su da bindiga ba su da gaba da kowa, wanda ke neman mai laifi ga shi, sannan ya tattara rigunan a gaban jama'a. Ya je wajen jandarma, sun ce ba za su hana shi ba, ba kuma za su raka shi ba. Bai gaya wa kowa a gidan ga ba. Matarsa Balkisu ce ta zo tana kuka ta faɗa wa Ramatu, ta ce har ya nuna mata inda takardun gida suke. Mutumin da ke nuna wa matarsa takardun gida ka san ba ya shirin dawowa. Ba rigunan kawai zai je karɓowa ba, Lawali, so yake a yi masa abin da aka yi wa ɗan'uwansa ko ya samu barci.

Ban yafe masa ba, kada ka karanta wannan ka ɗauka na sauko. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na yi masa kaciya, ni na kai shi lakwal ɗin da ta koya masa rubutun. Na haƙa kabari ɗaya bana, ba ni da ƙarfin na biyu. Ka kira shi yau, kada ka bari sai gobe. Kada ka yi masa irin lallashin nan naka na 'yan kasuwa, ka yi masa magana da bakin uba, ka ce in ya taka hanyar kudu ba ka yafe ba duniya da lahira. Ni na riƙe shi, amma kai ka haife shi, wannan kalmar a bakinka take da nauyi. Da zan iya da na faɗa masa da kaina, to na rantse, kuma ban taɓa karya rantsuwata ba, ba zan fara da furfura ba.

Na san abin da zai ce maka, zai ce to mutanen ƙauyen fa, a bar su? Yana da gaskiya, ba a barinsu. Ka ce masa an samu mai zuwa. Ni zan tafi. Na riga na aika wa Bawa, zai tarye ni inda motar kasuwa ke tsayawa. Shekaru na yi ina kai turmi da taɓarya kasuwannin nan, babu tsohuwar da ba ta daka a turmina ba, kuma babu wanda bai san ni da ma'aikatan daji ba ma ga maciji. Tsoho mai farin gemu da buhu a kafaɗa, wanda kowa ya sani ɓarawon ƙirya ne, ba wanda zai ce ɗan sa kai ne, na bindiga ko na itace. Zan tsaya wajen 'yan hatsi in ce ni ne uban wanda aka kashe, in faɗi abin da rigar take nufi da abin da ba ta nufi, da ƙarfi yadda masu kunne a kasuwar za su kai labari inda ya kamata. Sannan in bi gida-gida in karɓe su. Ramatu ta ajiye alƙalami tana roƙona, na ce ta ɗauka ta ƙarasa. Tahira ba ta sani ba, kai ma kada ka kira ta. In Allah Ya maido ni, to. In bai maido ni ba, na ci nawa rabon na duniya har na taɓa na wasu, kuma akwai sauran wuri a Tibiri yamma da Baba. Wannan karon ka zo da ƙafarka.

Ka gai da Hajiya Saudatu, ka ce mun ga saƙonta na turare, Allah Ya bar zumunci. Ka gai da Shamsu da Muhammad Auwal da ƙannensu, Allah Ya yi musu albarka Ya raba su da aikin da ba a san kansa ba. Tahira tana gaishe ku, Fadila da marayunta suna gaishe ku, Ramatu ta ce a gai da Baffanta. In kun yi magana da yaron, ka ce ya kwana gidansa ranar Talata, Laraba da safe ya wuce Jiratawa, zogalen ya isa yanka kuma Fadila ba za ta iya ita kaɗai ba. Ka ce kai ka ce. Kada ka ce ni.

Allah Ya sada mu da alheri, nan ko can.

Yayanka,
Zakariya'u Masassaƙi