Babban Yatsan Amak

Pariaman, watan Sha'aban.

Zuwa ga Kawu Bustami, a Balikpapan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kawu, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga kawunta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Etek Marlis da yara. Allah Ya ƙara maka nisan kwana, Ya sa albarka a gidan abincinka, Ya nuna mana azumin da ke tafe muna masu rai da imani. Mu nan muna ta lallaɓawa. Maigidana Uda Zulfahmi yana fita teku kamar kullum, sai dai iska ta yi yawa bana, wata rana su dawo da abin miya kawai. An yanke shinkafar gonarmu ta bakin rafi, ta yi kyau daidai gwargwado. Yara sun kwaso ƙazuwa a makaranta watan jiya, gidan nan kowa ya koma susa har da ni, amma mun tafasa tufafi da zannuwan gado, mun shanya katifu a rana, muka shafa maganin farar wuta da aka ba mu a asibitin ƙauye, ta tafi. Da duk ciwon fata irin wannan ne, da ban ɗauki alƙalami na dame ka ba.

Maganar yayarka ce, mahaifiyata Amak. Zan faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba, ka kuma yafe mini idan harshena ya yi kaifi, ka san halina tun ina ƙarama. Ba na barci, Kawu, tsoro nake ji, kuma raina a ɓace yake, har da kai a cikin waɗanda nake jin haushi.

Ka san tun kafin a haife ni babu amaryar da za a ƙunsa wa lalle a ƙauyen nan da maƙwabtansa face Amak ce ta daka ganyen. Ita ke ɗora shi a kan farce, ta danna da babban yatsanta na dama, sannan a naɗe. Saboda haka farcen nan nata bai san farinsa ba, kullum jawur yake har ya yi duhu, kafin na wannan biki ya kwashe na wani ya hau. A azumin bara da aka tsayar da bukukuwa, farcen ya samu ya tsiro, sai fari ya fito daga gindinsa. Muna kankare kwakwa da la'asar na ga wani baƙin layi ya taso daga tushen farcen ya shige ƙarƙashin lallen. Na kama hannunta ina dubawa, ta fizge, ta ce wai in idona ya rasa aikin yi in je in tsince shinkafa. Ta ce ai ta daɗe da ganinsa, shekara da shekaru, taɓarya ce ta taɓa buge ta, jini ya kwanta.

Ni ce na aika maka da labarin, kuma ka tuna amsarka. Sidi Kaharuddin da ya zo ƙaramar Sallah ya kawo kwalbar man shafawa daga wajenka, da saƙon baki. Ya zauna a barandarmu yana shan shayi, ya faɗa a gaban kowa cewa ka ce ruɓewar farce ce kawai, irin wadda masu wanke kwanoninka ke yi saboda ruwa, kuma kada a kuskura a kai ta wajen likitocin birni, domin su ba su san komai ba sai wuƙa. Ya ce ka ce da yatsu goma aka haifi yayarka Samsidar, da goma za a binne ta. Na san da zuciya ɗaya ka faɗa, kana nesa, ba ka ga yatsan ba. Amma Amak ta ɗauki maganar nan ta ƙulle a bakin zane, har yau ba ta kwance ba. Ita ta goye ka, ita ta share maka majina, amma kai ne namijin gidan uwarku, kuma ka san ba ta taɓa tsallake maganarka ba ko a kan sare bishiyar kwakwa guda.

Man ya ƙare, layin yana nan, sai ma faɗi da ya ƙara. Daga nan ƙauye ya shigo da nasa ilimin. Kowace tsohuwa da za ta wuce sai ta leƙo ta bar mana magani. Aka daka tafarnuwa aka ɗaura, aka tsoma yatsan cikin lemun tsami, aka ɗiga kananzir. Wani mai tallar magani a kasuwar Laraba, wanda kwalba ɗaya yake sayarwa ga mai ƙyasfi da mai makero da mai cin ruwa, ya ba ta wani ruwa mai wari da ya sale mata fatar gefen farcen. Maƙwabciyarmu Etek Rabima kuwa cewa ta yi ba ciwo ba ne, sammu ne, wai wata mai lalle ta ƙetaren rafi ce ke baƙin cikin yadda ake kiran Amak, aka je aka karɓo ruwan tofi. Duk wannan abin da ake yi, da biki ya zo sai Amak ta sake danna lalle da yatsan, ja ya rufe baƙi, hankalin kowa ya kwanta. Ina magana ana cewa na cika baki, wai tun da na yi makarantar sakandare nake jin kaina likita.

Bayan Babbar Sallah farcen ya tsage gida biyu. Baƙin ya fita daga farce ya malala kan fatar da ke zagaye da shi, wani nama ya tsiro a tsakiya, ko zane ya goga sai jini. A wani biki jinin ya ɗiga a kan hannun amarya, uwar amarya ta yi kamar ba ta gani ba, amma na ga yadda ta ja 'yarta ta wanke mata hannu a bayan gida. Amak ma ta gani. Wannan kunyar ce ta sa ta yarda na kai ta asibitin ƙauye, ba zafin ciwo ba, domin ta ce ba ya mata zafi sosai. Ma'aikaciyar da ta duba ta, yarinya ce mai fara'a, tana zolayar Amak wai yaushe za ta ƙunsa mata nata. Da aka kwance tsumman da ke ɗaure a yatsan sai fara'ar ta ɗauke. Ba ta ba mu ko ƙwaya ɗaya ba, ta ce mu wuce babban asibiti a Padang, kada mu bari mako ya zagayo.

A Padang likitan fata ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla, ni ma zan maimaita maka yadda na fahimta, domin ina so ka gane bambancin. Ya ce ruɓewar farce irin ta masu aikin ruwa takan sa farce ya yi kauri, ya yi rawaya, ya riƙa marmashewa, sau da yawa ba farce ɗaya take kamawa ba, kuma ƙwayoyi na wasu watanni suna maganinta. Jinin da ya kwanta saboda bugu kuwa yana tafiya tare da farce yayin da yake tsiro, har a yanke shi ya fita. Amma layin da yake tasowa daga tushe, ba ya gushewa, yana ƙara faɗi, har ya haura kan fata, wannan wani abu ne daban. Suka yanki ɗan nama suka kai gwaji, muka koma aka gaya mana. Sankara ce, Kawu, ta fata, mai baƙi. Likitan ya ce tana cikin masu saurin bin jiki, kuma babu man shafawa ko ƙwayar da za ta fitar da ita. Maganinta shi ne a cire yatsan daga gaɓa, kuma a yi da wuri. Ya ce da a lokacin da yake siririn layi aka zo, da wataƙila farcen da ɗan naman ƙarƙashinsa kawai za a cire.

Amak ta saurare shi har ya gama, ta gode masa, ta yi masa addu'a, ta gyara mayafinta ta ce in tashi mu tafi kada mota ta bar mu. Muka kama hanya har muka hango teku. Nan ta ce mini wai likitan yaron kirki ne, amma bai san abin da yake faɗa ba, shin da me yake so ta danna lalle, da gwiwar hannu? Ta ce ta riga ta yi wa iyaye alkawarin 'ya'yansu bayan Sallah, kuma wace uwa ce za ta miƙa hannun 'yarta ga mai dungu a ranar da ake neman sa'a. Na yi kuka, na yi faɗa, na kawo mata liman ya gaya mata neman magani ba saɓo ba ne, kuma wanda Ya halicci yatsa ba zai rasa inda yake ba ranar tashi. Ta ce ta ji, malam ya fi ta sani. Da ya fita sai ta ce mini Bustami dai ya ce goma.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Makon jiya ina taya ta wanka, saboda ba a son ruwa ya taɓa ciwon, hannuna ya ci karo da kaluluwa a hamatarta ta dama, mai tauri, ba ta motsi. Ta ce a bar ta, ai kowane gyambo yana tara kaluluwa. Ni kuwa na tuna cewa tun zuwanmu na farko likitan ya laluba wajen nan bai sami komai ba, ya kuma gargaɗe ni cewa idan na ji wani abu ya fito a can to ciwon ya fara tafiya. Na koma Padang ni kaɗai na gaya masa. Ya ce yanzu aikin ya zama biyu, yatsa da hamata, kuma ba zai yi mini alkawarin warkewa ba. Abin da ya iya cewa shi ne idan an yi yanzu akwai sauran fatan samun sauƙi, idan aka jira har bayan Sallah ba ya jin akwai abin da wuƙarsa za ta ƙara mata.

Shekaranjiya da hantsi na dawo daga kasuwa na ji ƙarar turmi a bayan gida, alhali babu biki. Na leƙa na tarar da ita ta tsinko ganyen lalle tana dakawa da hannun hagu, taɓaryar tana ta kuɓuce mata. Da ta gan ni sai ta ce in zauna in kawo hannuna, tun da dai ba ni da aikin yi sai sa ido. Ta ɓoye hannun dama cikin zane, ta riƙa ɗora mini lallen da hagu. Yana zamewa, tana gyarawa, yana ɓata mini fata, tana tsaki tana zagin yatsun wai sangartattu ne, tun haihuwarsu ba su taɓa yi mata aikin kirki ba. Ta jima tana fama kafin ta gama hannu ɗaya. Ta ɗaga shi ta duba, ta ce ko makauniya ba za ta yi wa amarya wannan kwaɓar ba. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta, rabona da ganin haka tun rasuwar mahaifina Abak. Ta share da gefen mayafi, ta ce ita ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a yanke ba, kuma ba za ta mayar da ƙaninta maƙaryaci a gaban mutanen da suka ji saƙonsa ba. Amma in Bustami da kansa ya ce a yanke, to a yanke.

To, ka ji inda maganar ta tsaya, Kawu. Ba na neman ka da komai na hidima, Uda Zulfahmi da ni za mu ji da wannan. Ba kuma ina so ka ce ka yi kuskure ba ne, ba wanda zai tuhume ka. Kalmarka nake roƙo. Kada ka ba wani saƙon baki ya zo yana ƙari da ragi, kada ka jira mai zuwa gida Sallah. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka je ka buga waya ofishin dagaci, za su aiko a kira ta, ni zan riƙo hannunta in kai ta ta ji muryarka. Ka kira sunanta ka ce mata ka janye maganar goma, tara ma sun ishe ka in dai tana raye. Idan kana da wata shakka, ka hau jirgin ruwa ka zo ka kwance tsumman nan da hannunka ka gani.

Ka gaishe mini da Etek Marlis da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. Ina gaida Hendrizal da Yulnetri da ƙaramar da ban taɓa gani ba. Uda Zulfahmi yana gaishe ka, yara suna gaida kakansu. Amak ta san ina rubutun nan, na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce in gaishe ka, in tambaye ka ko har yanzu kana cika gishiri a girkin naman nan na rendang. Ba ta ce in ƙara komai ba.

Ni kuwa zan ƙara. Ko ta yaya za ka zo gidan nan a kan maganar yayarka, Kawu, al'ada ba za ta bar ka ba. Ina roƙon ka don Allah ka yi magana tun tana iya amsa maka, domin in ka yi jinkiri, zuwan da za ka yi na zama a kan tabarma ne kana karɓar gaisuwa.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Desmawati