Jikata Tana Karanta Sana'ar da Ta Sa Na Durƙusa

Zuwa ga mai filin shawara,

Ki taimaka ki ba ni amsa, don shekara arba'in da uku ke nan ina ɗauke da magana ɗaya ba wanda ya tanka mini. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi aka cire ni aka sa a jirgin kamun kifi, sauran baƙaƙen a jikin akwatunan kifi na koye su. Yanzu shekaruna saba'in da tara.

Ina da shekara talatin da shida ina lebura a wata masana'antar sarrafa kifi a garinmu, bakin teku, arewa da birnin Sendai. Ni ke kula da tankin ruwan wanki. Wata rana injin tacewa ya tsaya, tanki ya cika, manaja ya ce in buɗe bututun da ke zuba cikin teku. Na ce masa masu noman ganyen teku sun riga sun shimfiɗa ragarsu. Ya ce, "Tunani aka ɗauke ka ka yi ko juya ƙarfe?" Na juya. Kafin mako ya zagayo ganyen gida goma sha huɗu ya ruɓe, har da na Genzo, yayan matata.

Sai babban ofis ya turo wani saurayi, Shibasaki, mai digiri, wai shi ne jami'in hulɗa da jama'a. Hannunsa kamar na jariri. Ya miƙo mini takarda, da ya ga ina bin ta da yatsa sai ya yi murmushi ya ce ba komai, haddacewa za mu yi. Kwana biyu yana maimaita mini: "Laifina ne ni kaɗai, ba wanda ya sa ni." Ya koya mini durƙuso, tafin hannu a tabarma, goshi a ƙasa, in ƙirga talatin a zuci kafin in ɗago. Har baƙar kwat ya aro mini. Ya ce in na yi, ba za a rufe kamfani ba, mutum ɗari da ashirin ba za su rasa aiki ba, kuma mutanen gari sun fi saurin yafe wa nasu.

Ba su yafe ba. A zauren ƙungiyar masunta na durƙusa, Genzo yana sahun gaba. Shekara goma sha tara ya ƙara a duniya, ko sannu bai sake ce mini ba. Ranar jana'izarsa matarsa ta mayar mini da ambulan ɗin kuɗin ta'aziyya da na kai, a rufe, a gaban mutane. Matata Tomie kaɗai ta san gaskiya, ita ma ta ce in yi shiru saboda aiki da karatun ɗanmu Noboru. Haka ta rayu tsakanin miji da ɗan'uwa har ta rasu. Manaja an ƙara masa girma. Shibasaki ya hau jirgin ƙasa ya tafi, ko katin sabuwar shekara bai taɓa aiko mini ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Jikata Chizuru, 'yar Noboru, wadda tun tana rarrafe ni ke cire mata ƙayar kifi, ta shiga jami'a a Sendai. Uwarta ta bi maƙwabta tana cewa karatu biyu aka haɗa mata a digiri ɗaya, kasuwanci da hulɗa da jama'a. Kasuwanci na ji. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya, amma na haɗiye.

Sabuwar shekarar waccan muna cin abinci sai yarinyar nan ta miƙe ta ce an koya musu darasin ban haƙuri. "Ku kalla, wannan sunkuyon na gaisuwa ne, wannan na neman afuwa, wannan kuwa na ranar da kamfani ya kwafsa." Kowa na dariya. Ta juyo gare ni ta ce, "Tsoho, kai da ba ka taɓa ba kowa haƙuri ba, taso in koya maka kyauta." Na ajiye sandunan cin abinci na fita bakin tashar jiragen ruwa. Shekara biyu ke nan. In ta bugo waya sai in ce wa Noboru ya ce ina gyaran raga.

Watan jiya ta aiko wasiƙa da kwafin wata tsohuwar jarida. Ni ne a ciki, goshi a ƙasa. Wai da tabon ƙugiya na kunnena ta gane ni. Ta rubuta: "Kaka, a darasin kasuwanci na koyi cewa lebura ba ya buɗe irin wannan bututu sai da izinin na sama. Wa ya rubuta maka maganar da ka faɗa?" Tana so ta yi kundin kammala karatunta a kai. A watan Janairu za ta miƙa, a Maris a yaye su.

Ga shi kuma, mai digiri ya sake zuwa mini da takarda, wannan karon jikata ce. Wancan ya ci albashinsa da goshina, wannan maki take nema. Ban ba ta amsa ba, ban da niyya. Amma ku masu ilimi, wani a cikinku ya gaya mini: wannan karatu ne ko koyar da ƙarya da ladabi? Wa ya ba ku izinin rubuta wa mutum laifi ku sa masa a baki? Na ƙirga talatin ɗina tuntuni. Ku amsa mini.

Tsohon Bakin Tasha

AMSA

Baba, an zalunce ka. Da hannunka ka juya ƙarfen, ka sani, amma umarni aka ba ka, sannan aka ɓoye mai umarnin a bayanka. Abin da Shibasaki ya yi ƙarya ce da aka yi wa kwalliya, kuma ba na zaton zai taɓa ba ka amsa. Ka daina jiransa.

Karatun jikarka kuwa, ba zan yi maka rantsuwa a kansa ba. Akwai masu fitowa su yi irin aikin Shibasaki har gobe. Akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne su tsaya gaban shugaban kamfani su ce, kai za ka fita ka durƙusa, ba lebura ba. Darasi ɗaya suka zauna. Ka lura da abu guda: ɓangaren kasuwancin ne ya nuna mata wa ke ba da izini a masana'anta, ɗayan ɓangaren ya nuna mata cewa irin maganar nan rubuta ta ake yi. Da ba a haɗa mata biyun ba, da ta ga hoton ta ce Kaka ya yi kuskure, ta wuce.

Wasan da ta yi a wurin cin abinci ya yi ciwo, na yarda. Amma ba ta sani ba, ubanta ma bai sani ba, kuma kai ka zaɓi hakan. Shekara biyu kana hukunta ta a kan labarin da ka hana ta.

Ka ce ba wanda ya tanka maka. Sake karanta wasiƙarta. Shibasaki ya zo maka da amsa a rubuce, ita tambaya ta kawo. Cewa za ta sami maki bai ɓata tambayar ba.

Ka kira ta da kanka cikin makon nan, kada ka bi ta Noboru. Ka gindaya sharuɗɗanka: da bakinka za ka faɗa, ita ta rubuta, duk abin da ta rubuta ta karanta maka da ƙarfi, kalmar da ba taka ba ka sa ta goge, sunanka kuma sai in ka yarda. Sunayen sauran mutane ta tambayi malaminta yadda doka ta tanada. Noboru ya zauna ya ji. In an gama, ku kai wa iyalan Genzo kwafi. Wataƙila su karɓa, wataƙila su mayar kamar ambulan ɗin nan, amma wannan karon gaskiya ce a ciki.

Janairu ta kusa, Baba. Ina yi maka fatan lafiya da sauƙin zuciya, da fatan a watan Maris ka zauna a zauren yaye ɗalibai da kwat ɗinka ta kanka, kanka a ɗage.

Hatsue