Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khairiyya da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, gero ya fara fid da kai ta wajen Bakura, kodayake gonakin nesa da yawa an bar su saboda halin da ka sani. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da kanta. Maigidana Malam yana fita makaranta yana dawowa, sai dai tun rasuwar nan maganarsa ta ragu, in ka cire sallama da bismillar cin abinci. 'Yarka Rumaisa ta zo hutu daga kwaleji. Ni ma na koma aji, ina koyar da 'ya'yan mutane.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalilin shi ne duk lokacin da na kira ka a kan maganar nan, ko dai ka ce ana nemanka a wurin aiki, ko ka ce Yaya ki yi haƙuri, wasan yara ne. To, takarda ba a katse mata numfashi. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, in kuma ranka ya ɓaci, ka sani nawa ya riga naka.

Maganar ɗanka ce, marigayi. Ka san ɗan farina ne, don haka tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kama sunan ba. Yaron nan nake ce masa, shi kuma yana tsokanata da Malama, kamar ɗaya daga cikin 'yan ajina. Ka san kuma yadda sikila ta yi da shi tun yana goye. Sa'o'insa suna ƙwallo a filin makaranta, shi yana kwance ana gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Wayar da ka ba shi da ya gama sakandare, na sha sa maka albarka a kanta, domin a wasan nan na cikin wayar ne kaɗai na taɓa ganin ɗana yana gudu.

Tunda ka ce wasan yara ne, bari in koya maka abin da ka sayar, don na lura ba ka sani ba har yau. A cikin wasan kowa yana da akawun ɗinsa da ɗan mutumin da yake sarrafawa, ana saya masa riguna da huluna da fentin bindiga, kayan da ba sa ƙara ƙarfi, ado ne kawai. Wanda ya tara masu wuyar samu, akawun ɗinsa ya yi daraja, samari suna saye suna sayarwa. Masu wasan, wato kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ba su yarda da wannan ciniki ba, saboda haka in an cuce ka babu alƙalin da za ka kai wa kuka. Mai sayarwa yana tsoron ya ba da lambar sirri a gudu da ita, mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a ba shi iska. Dole sai an sami ɗan tsakiya wanda kowa ya yarda da shi. Daga Mafara zuwa Maradun, har Kaduna, har cikin Nijar, ɗanka ne wannan ɗan tsakiyar.

A gaban kunnena ake yi, ina bakin gadonsa ina makin jarabawa. Mai saye ya tura masa kuɗi, mai sayarwa ya ba shi akawun. Ya shiga ya duba kaya ɗaya bayan ɗaya, ko suna nan kamar yadda aka faɗa. Ya cire lambar waya da imel ɗin tsohon mai shi, ya goge suna, ya goge hoto, sannan ya miƙa wa kowa nasa. Yakan ce wa yaran duk wanda ya taya da tsada kuma yana gaggawa, ba kayan yake so ba, wani abu ya hango. Na ga ranar da ake ƙara masa ruwa a asibiti, hannu ɗaya da allura, ya hana wani ɗan Bakura sayen akawun ɗin sata, ya yi asarar la'adarsa yana dariya. Na ce masa dillalin da ke kore ciniki ai ba zai yi arziki ba. Ya ce Malama, ni ba riguna nake sayarwa ba, cewa da ake yi in wane ya shiga tsakani ka kwanta ka yi barci, ita ce jarina.

Da Allah Ya karɓi abinSa ka zo, ka yi mana ɗawainiya, ban manta ba. Bayan addu'ar bakwai muka ba da tufafinsa sadaka, kaftanin sallarsa ma ladan ya samu. Malam ya ce duk abin da mamaci ya mallaka sai ya shiga gado, ko da allura ce, kuma ya ji yara suna cewa abin cikin wayar yana da daraja. Ka ce a bar maka, kai ne ɗan birni. Ka tafi da wayar. Ba a daɗe ba ka kira da murna, wai ka sami wanda ya taya fiye da kowa, ya biya nan take. Abin da ba ka faɗa mana ba, sai kwanan nan da na matsa maka, shi ne mutumin ya kafa sharaɗi: a bar suna da hoton yaron yadda suke, wai don kada darajar akawun ta faɗi. Ka yarda. Ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, ba ka sa kowa a tsakani ba, ba ka ko sanar a guruf ɗin yaran cewa mai shi ya rasu ba. Lukman, kai da ka yi karatu har ka gaji, ko tsohuwar da ke sai da daddawa ta san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ina cikin ɗaki lokacin, idona a kumbure, amma kunnena bai toshe ba. Da ka leƙo ka tambaye ni, da na karanta maka darasin da na yi shekaru ina ji.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. Wata ranar Talata, kasuwa na ci, Malam ba ya gida, sai na ji hayaniya a zaure. Wani dattijo ne, Yakubu, manomi daga Janbako, da ɗansa Kamilu, saurayi sa'ar marigayi. Dattijon yana kiran sunan ɗana da ƙarfi, yana cewa ya fito, ɓarawon zaune, Allah Ya isa tsakaninsu da shi duniya da lahira. Maƙwabta sun fara leƙowa. Na sa hijabi na fita na tambayi abin da ya faru. Kamilu ya ce ya yi shekaru yana gina akawun ɗinsa, ya yanke shawarar sayarwa don ya haɗa wa mahaifinsa kuɗin injin ban-ruwa kafin noman rani. Ya nemi ɗan tsakiyar da kowa ya sani, ya ga suna, ya ga hoto, ya miƙa lambar sirri ba tare da fargaba ba. Daga nan aka toshe shi. Ba akawun, ba kuɗi. Da tambaya suka gano gidanmu, suka biyo wannan muguwar hanya a kan babur don su kama shi.

Na tambaye shi yaushe aka yi cinikin. Ya ce bayan Babbar Sallah. Na ce masa wanda yake nema ya riga azumi tafiya. Dattijon ya ce haka iyayen ɓarayi suke cewa, in ba tafiya ba ciwo. Ban yi musu da shi ba. Na kira Bube maƙwabcinmu na ce ya raka su maƙabarta ya nuna musu. Da suka dawo, mutumin nan ya kasa shigowa zaure. A ƙofar gida ya durƙusa, hularsa a hannu, yana kuka yana yi mini ta'aziyya, yana cewa ya janye, ya janye, Allah Ya yafe masa bakinsa. Na ce na yafe. Na ba su ruwa da abinci suka kama hanya. Shi dai ya san ƙofar gidanmu, ya zo ya janye tasa. Na Kaduna fa? Na Nijar fa? Allah Ya isa nawa ake aika wa ɗana a kabarinsa kullum, daga bakin mutanen da ba su san ya mutu ba? Na sani sarai Allah ba Ya kama bawa da laifin wani, ba sai ka tuna mini ba, na karanta. Amma yaron da bai bar gona ba, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, shaidar mutane ce kaɗai ya bari, ita kuma ka sa a kasuwa.

Washegari da la'asar na sa Rumaisa ta shiga wasan da wayarta ta nuna mini. Da farko ta ƙi. Ashe ita ta daɗe da sani, takan shiga ta tsaya daga nesa ta kalle shi, ba ta faɗa wa kowa ba. Lukman, na gan shi. Ga sunan a saman kansa. Ga doguwar farar rigar nan mai bakin zinariya, wadda ni na zaɓa masa wata rana da ya nuna mini guda biyu, na ce ɗayar ta yi kama da ta maroƙa, ya yi ta dariya har ƙirjinsa ya riƙe. Yana gudu, yana tsallake katanga, yana hawa tudu ba ya haki. Ba zan ɓoye maka ba, na ce wa Rumaisa kada ta kashe tukuna. Na zauna ina kallon ɓarawo sanye da rigar ɗana, zuciyata tana cewa ƙara gudu. Tufafinsa na gaske mun ba masu salla, waɗannan kuwa ka ba wanda ke yanka mutane da su.

Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba. Kai ka buɗe masa imel ɗin farko lokacin da ka ba shi wayar, kuma Rumaisa ta ce ko mutumin ya canza lambar sirri, masu wasan suna sauraron wanda ke riƙe da tushe. Ga kwafin takardar rasuwa na sa a cikin ambulan. Ka rubuta musu, ka ce mai akawun ya rasu, ana cutar mutane da sunansa, a rufe shi. Ba a dawo mana da shi ba, a rufe. Kuɗin cinikin kuwa yana nan yadda ka turo, ni da Malam ba wanda ya taɓa. Malam ya ce a mayar wa mutumin don kada mu ma mu zama mun karɓi kuɗi mun ƙwace kaya, ni na ce a fara da injin Yakubu. Muna kan gardama, kuma ita ce doguwar magana ta farko da ya yi da ni tun rasuwar, don haka ban gaggauta kashe ta ba. Na san abin da rufewar take nufi. Daga ranar babu sauran inda zan ga rigar nan tana gudu. Rumaisa ta yi kuka ta ce a bari ko na wata ɗaya, na ce a'a. Gara in rasa shi sau biyu da a ci gaba da zaginsa.

Nawa ɓangaren na riga na yi. Rumaisa ta ce yaran ba sa yarda da rubutu, kowa yana iya rubutawa, sai murya. Ta riƙe mini wayar na yi magana, aka tura guruf-guruf ɗinsu. Na ce ni ce mahaifiyarsa, ya rasu kafin azumi, duk wanda ke magana da sunansa yanzu maƙaryaci ne, kada wanda ya ƙara miƙa masa komai, wanda kuma ya zage shi bisa rashin sani ya yi masa addu'a. Da na gama ta ce Mama, ba ki faɗi ko wane ne ba, ba za su gane ba. Shekara ashirin da biyu ina kewaye sunan nan saboda kunya, ina tattalinsa kamar turaren da ba a buɗewa, ga shi wani ƙato da ban san fuskarsa ba yana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Na ce ta sake ɗauka. Na faɗa. Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, na ji ta ajiye faifan.

Ban yanke ka ba, Lukman. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma na san ba da mugunta ka yi ba, da raini ka yi. Amma kada ka kira ni da ban haƙuri. Ka kira ni ranar da aka rufe.

Ka gaida Khairiyya da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Ahmad da Farida. Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji maganar yayarka. Malam da Rumaisa suna gaisuwa, haka Gwaggo Asma'u ta Maradun. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani, Ya tsare mana sunayenmu bayan ba ma nan. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Turai, uwar Ukasha.