San Ƙaho a Hanyar Anacha

Obiagu, Inugu
3 ga Rajab

Zuwa ga Baba Malam Idrisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Na ba Imrana direban tirela wannan takarda, tunda ka ce waya tana cika maka kunne.

Baba, mun gina sa, wato siffar bijimi, da ƙaho. Kasuwar shanunmu tana wani ƙauye a hanyar Anacha, motoci suna wuce mu kamar ba mutane a wurin. Wata bakwai muna tara ƙahon da a da muke zubarwa. Okechukwu mai walda ya yi mana ƙashin ƙarfe, mu mahauta muka jera ƙaho ɗaya bayan ɗaya, matan ƙauyen suka wanke shi da toka. Tsayinsa ya wuce rufin tirela. Yanzu bas ba ta wucewa sai fasinjoji sun sauka ɗaukar hoto, 'yan okada masu haya da babur kuma sun sa wa tashar suna "Big Nama".

Siffar Goshi na bi, bijimin da ka fara kawowa Inugu, wanda hotonsa yake zaurenka. Na san za ka ji daɗi.

Ɗanka,
Gimba

Maigatari
19 ga Rajab

Gimba,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, takardarka ce ta kawo wani ciwon. Imrana ya nuna hoton abin da kuka gina a majalisa kafin ya nuna mini. Yau a Maigatari ana cewa ɗan Malam Idrisu ya je Kudu ya kafa gunki. Goshi dabba ne, na sayar da shi, an ci. Ban aike ka ka tashe shi ba.

Ka rushe shi. In yana tsaye, kada ka zo mini gida da Sallah.

Mahaifinka

Obiagu
8 ga Sha'aban

Baba,

Assalamu alaikum, tare da ladabi. Na karanta takardarka a gaban mutanen kasuwa, don san ba nawa ne ni kaɗai ba. Hannu sittin ne a jikinsa. Okechukwu ya ce sai dai a rushe shi tare da shi.

Muka je wurin limamin masallacinmu. Ya ce ka yi gaskiya, amma a littafi kan ne yake mai da siffa gunki. In an cire kai, saura kamar itace ne. Sai Idi, dattijon mahautanmu, ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe yanka kawai ake so? Ai sana'armu ce."

Ranar Asabar muka kafa tsani. Idi ya nace sai an juya shi alƙibla, na ce, "Baba Idi, ƙafafunsa a siminti suke." Ya karɓi injin yankan ƙarfe yana mita, wai shekara talatin yana fawa bai taɓa wuƙar da ake sa wa lantarki ba. Ni na riƙe kan har ya sauka. Ban ɓoye maka ba, ya yi mini nauyi a zuciya.

Gangar jikin tana nan tsaye. Masu tsayawa sun ma ƙaru, kowa yana tambayar ina kan. Muna ce musu mahaifinmu ne ya ce a cire, mu kuma muna jin maganar iyaye. Ga sabon hoto wurin Imrana. Ko in zo da Sallah?

Ɗanka mai biyayya,
Gimba

Maigatari
20 ga Sha'aban

Gimba,

Wa alaikumus salam. Na ga hoton, na kuma kai shi majalisa da hannuna. Limaminku ya yi karatu.

Abu ɗaya: tozon ya yi ƙanƙanta. Na Goshi har kwanciya yake yi gefen hagu. Ku ƙara ƙaho. In ka zo da Sallah zan zana maka a ƙasa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka