Ƙorafi kan hoton da ke jikin motocin kamfani

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata,
Babban Ofishin Kamfani.

Daga:
Shugaban masu lodi, Sito na Biyu.

9 ga Yuni

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FUSKAR DA AKA LIƘA A JIKIN TIRELOLINMU

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Afrilu, masu kamfani suka aiko mai ɗaukar hoto daga ƙasarsu, ya zaɓi ma'aikaci ɗaya da za a sa a jikin motoci. Manajan sito ya ce in shirya, ni ne babba. Na yi aski, na goge takalmi, na wanke farar hular kwanona da sabulu.

2. Mai hoton ya dube ni, ya sa tafinta ya ce in yi murmushi. Na yi. Ya ce in ƙara. Ranka ya daɗe, wanda ya tsufa yana ƙirga kwali a bakin kwantena ba ya washe baki haka kawai. Ana cikin haka ƙanin matata ya gifta yana dariya, wanda ake kira Mai Wushirya. Ni na kawo shi aikin nan bara, bayan yayarsa ta hana ni sakat.

3. Aka cire hulata aka sa masa, alhali a dokar kamfani farar hula ta shugaba ce, tasa rawaya ce. Aka miƙa masa kwali, ya kasa riƙewa yana murmushi a lokaci guda. Sai aka ce in durƙusa a gefe in tallafe masa daga ƙasa. Na durƙusa, saboda biyayya.

4. Yanzu fuskarsa ta fi ƙofar sito girma, tana yawo a kowace hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Surukata ta daina tambayar lafiyata, sai dai ta tambaye ni ko ina kyautata wa ɗanta a wurin aiki. Matata kan tsayar da mai a-daidaita in tirela ta zo wucewa. Abin da ya fi ci min rai, 'yata ta faɗa wa malaminsu cewa kamfanin na kawunta ne, babanta yaronsa ne.

5. An ce min hassada nake yi. Na so in musanta, amma takardar hukuma ba wurin ƙarya ba ce. E, ina yi. Yaron bai yi min laifin komai ba, har yanzu yana rusunawa ya gaishe ni, wannan ma ƙara min zafi yake yi.

6. Duk wanda ya duba ƙasan hoton, ta hagu, zai ga hannu ƙarƙashin kwalin, da tabo a babban yatsa. Ƙofar kwantenar kamfani ce ta yi min shi. Na nuna wa 'yata, ta ce ai na kawu ne.

Na ji za a liƙa hoton a sababbin motoci ƙarshen watan nan. Saboda haka ina roƙo da ladabi, kafin a buga: ko a haɗa da fuskata, na yi ta gwada murmushin a madubi, ko kuwa a cire min hannuna, ya riƙe kwalinsa da kansa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Shugaban masu lodi, Sito na Biyu
(mai hannun)