Mun Juya wa Filomena Baya

Lahadi, 8 ga Satumba

Fada Gaetano ya bar mu a tsakiyar titi! Muna zagayen gari da mutum-mutumin Uwa Maryamu, mu arba'in a ƙarƙashin katakon da muke ɗauke da shi a kai. Muka iso ƙofar Don Carmelo, uban 'yan ta'addan da kowa ke tsoro a garin nan, muka juya fuskarta wajen barandarsa, muka rusuna sau uku kamar kowace shekara. Sai sabon Fadan nan ya ratsa ta cikin masu busa, ya koma coci shi kaɗai. Ganguna suka yi tsit. Shekara talatin ina ɗauka a gurbin babana, ban taɓa ganin haka ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Saboda rusunawar nan, Bishof ya hana zagayen sai abin da hali ya yi. Gari guda aka hukunta! Shagon askina maƙil, kowa na kumfar baki. Cosimo mahauci ya ce, "To wa ya tsaya? Ni dai na ji an tsaya, na tsaya. Mutum ɗaya ne zai tsayar da kayan mutum arba'in?" Na ce a dai gaya musu. Ni da nake can baya, ko gabana ba na gani.

Laraba, 11 ga Satumba

Fada ya zo aski. Da gangan ne, don sumarsa ba ta kai ba. Ina riƙe da reza a wuyansa ya ce, "Saverio, in kun juya fuskarta ga Don Carmelo, wa take ba wa baya?" Na ce bango mana, Fada. Ya ce, "Bangon gidan wa?"

Saura kaɗan in yanke shi. Gidan Gwaggo Filomena ne. Ɗanta Nicodemo ne aka harbe a gonar zaitun shekara goma sha tara da suka wuce, bayan ya ƙi sallama wa Don Carmelo gonar. Kowa ya sani, ba wanda ya gani.

Juma'a, 13 ga Satumba

Na gaya wa matata Nunziata, ina zaton za ta riƙe baki. Ko ɗagowa daga tukunyar taliya ba ta yi ba. "Yau ka sani? Kowace shekara Gwaggo Filomena tana tsaye da kwandon furanni, ba ta taɓa samun fuskar da za ta watsa wa ba. In kun juya, ai kai ne daidai ƙarƙashin barandarta, maigida."

Na ce ban taɓa lura ba. Ƙarya nake. Na san baƙin silifas ɗinta sarai, shi ya sa nake kallon ƙasa.

Asabar, 14 ga Satumba

Muka yi kiciɓis da Gwaggo Filomena a gidan burodi. Na gaishe ta bakina na sarƙewa. Ta ce, "Ɗana, ya kafaɗa? Akwai nauyi, ina ganinka kowace shekara." Babu faɗa a muryarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cosimo ya ce gobe Fada zai nemi masu laifi su miƙe. "Mutumina, zauna abinka. Surukin Don yana bencin gaba, kuma wuyansa na juyawa."

Lahadi, 15 ga Satumba

A coci Fada ya ce, "Ban tambayi wanda ya yi harbi ba, wannan na alƙali ne. Wa ya rusuna? Wa ya tafa? Wa ya yi shiru? Duka jiki ɗaya muke a gaban Almasihu."

Na miƙe. Bencin ne ya ishe ni, bayana na ciwo. Nunziata ta ja mini kwat, ta sake ja, sannan ita ma ta miƙe. Cikin arba'in mu shida ne kacal, sai mata kamar goma. Surukin ya waiwayo ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, amma ban zauna ba.

Talata, 17 ga Satumba

Kwana biyu ba wanda ya leƙo shago. Cosimo ya hango ni ya tsallaka titi.

Na je wurin Fada na roƙa a yi addu'a ta musamman a coci don Nicodemo, a kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji. Na ce masa Nunziata ce ta aiko ni. Ba ta ma san na fita ba.